Yadda zaka shiga ƙauyen citta a kudancin Kaduna, ka kwana, kayi sari ka dawo lafiya

Abokanmu na Tudun Wada da Rigasa sun dameni da tambaya, wai ni da nake shiga kudancin Kaduna sarin citta ya nake yi ne, ina nake kwana, me nake ci, kuma bana tsoro? Wani ma cewa yayi shi ba sari zai je ba, kawai so yake ya huta da hayaniyar gari yaje ya ga duwatsu ya shaƙi iska. Toh bari in zauna in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya sai in tura masa. Ƙauyen da nake sauka yana can gaba da Kachia ta ɓangaren da ake shiga ƙasar Jaba, ba zan kira sunansa ba don mutanen basu ce in tallata su ba, amma abinda zan faɗa kusan haka yake a yawancin ƙananan ƙauyukan wajen.

Abu na farko, kuma wallahi in baka samu wannan ba ka haƙura da tafiyar, shine mai masauki. Da ɗan gari akan ci gari. Ni zuwana na farko haka na ɗauki jaka na tafi kai tsaye saboda wani ya ce min citta na nan birjik, na sauka daga mashin na samu gindin mangwaro na zauna, duk wanda ya wuce sai ya gaisheni da fara'a amma da na tambayi citta sai ace ai an sayar, alhali ga ƙamshinta nan yana dukan hancina daga kowane gida. Can sai ga samari uku sun zo sun tsaya suna tambayata daga ina, wajen wa nazo, waye ya turoni. A lokacin naji haushi, amma daga baya na gane gaskiyarsu, mutanen da suka sha ganin tashin hankali da satar mutane dole su tambayi baƙuwar fuska. Ranar da azahar na juyo hannu rabbana.

Kuma samun mai masaukin ba wuya bane in kana Kaduna, garin nan cike yake da ƴan can. Abokin aikinka, nas ɗin da kuka saba, makanikenka na Kakuri, maƙwabcin ɗan uwanka a Narayi ko Sabon Tasha, kusan kowa yana da uba ko kawu a gida yana noma. Kace masa gaskiyar abinda zai kaika, ya kira gida a gabanka, ya baka lamba ku gaisa da dattijon tun kafin ka taso. Ni wani da muka yi makaranta tare ne ya haɗani da babansa, yanzu Baba nake ce masa, matarsa kuma Mama, shi kuma ɗana yake kirana. Da na koma ƙauyen karo na biyu da sunan baƙon Baba, samarin nan da suka titsiyeni su suka riƙa ɗaukar min buhu. Ko kuma ka bi ta Hausawan da suke zaune a Kachia ko Kafanchan da suka daɗe suna harkar, sai dai shi ɗan kasuwa ne kamarka, zai nuna maka hanya amma ba lallai ya nuna maka inda yake samun araha ba.

Sai lokaci. Can ruwa yana riga namu sauka, tun Afrilu an fara, kuma sai Oktoba yake ɗaukewa. In kore kake son gani da rafuka cike, ƙarshen Satumba zuwa Oktoba yafi, ko ina shar, masara ta nuna, amma kada ka kuskura Agusta in ba dole ba, hanyoyin cikin ƙauye laka ce zalla, akwai rafin da in ya kawo ruwa sai ka zauna a bakinsa ka jira ya janye, mashin ma sai an ɗaga shi a kafaɗa. In kuma sari ne toh daga Nuwamba zuwa Janairu ne kakar citta, lokacin ake haƙa ake tsagawa ake shanyawa a iskar hunturu. Disamba gari yana cika da ƴan birni da suka dawo Kirsimeti, mota tayi tsada wajen kwana yayi wuya, amma in biki kake so lokacin ne, kuma ranar 1 ga Janairu kowace shekara akeyin bikin Afan a Kagoro, ƴan Ham, wato Jaba, kuma suna da nasu bikin Tuk Ham a Kwoi wajajen Ista. Ka kuma kiyaye ranar Lahadi, yawancin ƙauyukan Kirista ne, da safe kowa yana coci, kada ka tsaya ƙofar gidan mutum da buhu da igiya kana sallama. Ka tambayi mai masaukinka ranar da kasuwar kusa dasu take ci, ka shirya zuwanka ya zama kwana ɗaya kafinta.

Hanya kuwa, motocin kudu a garejin Television ake samunsu. Ka fita da sassafe, motar farko ko ta biyu, saboda ka isa da rana tsaka. Zaku bi Sabon Tasha, Maraban Rido, Kujama, Kasuwan Magani, Kufana, Idon har Kachia, daga can ne hanya take rabuwa, wasu suyi Zonkwa da Kafanchan wasu suyi Kwoi. Ranar Alhamis kasuwar Kasuwan Magani take ci, akwai cunkoso a wajen. Ba zan ɓoye maka ba, wannan hanyar da dazukan Kajuru da Kachia sun sha fama da masu garkuwa da mutane, wani lokaci ayi shiru wata da watanni wani lokaci kuma abu ya taso, saboda haka dokata guda uku ce kuma bana karya ta ko don waye: bana tafiyar dare ko ta yamma liƙis, ina kiran Baba da safen ranar in ji ya gari ya kwana, kuma ina tambayar direbobin tasha ya hanya don su suke binta kullum. In aka ce maka dakata, toh ka dakata, citta bata gudu. Kada ka hau Facebook kana sanar da duniya gaka nan zaka tafi sari ƙauye kaza, in hoto ne ka bari sai ka dawo. Ka riƙe katin shaidarka a aljihu don akwai shingayen jami'an tsaro, ka saka kaya masu sauƙi, ba ranar shadda da agogo bace. Daga inda mota ta ajiyeka sai mashin, kuma gara Baba ya turo maka yaron da ya sani akan ka tari duk wanda ka gani.

Abinda zaka ɗauka ba yawa. Gidan sauro dole, sauron can ba irin na Kaduna bane don ga ciyayi ga ruwa, da maganin zazzaɓi da na ciwon ciki don kemis ɗaya ne a ƙauyen kuma ba komai yake dashi ba, asibiti mai likita sai an fito gari. Tocila mai kyau da takalmi rufaffe, dare in zaka fita bayan gida ka haska gabanka saboda kububuwa da kasa, musamman lokacin girbi. Fawa bank, don wutar lantarki a ƙauyenmu turakun kawai muke gani, caji sai shagon wani yaro mai sola da yake jera wayoyi sama da talatin akan benci kowacce da ƴar takarda. Sabis kuma akwai wani tudu bayan makarantar firamare, nan kowa yake hawa in zai yi kira, da yamma zaka ga mutane tsaitsaye kowa ya ɗaga waya sama kamar masu neman wata. Bargo in hunturu ne, sanyin wajen duwatsu ba wasa. Kuɗi kuma ka riƙe tsaba daidai na hidima da canji ƙanana, manyan kuɗin sari ka barsu a asusu, ranar kasuwa akwai masu POS, kuma tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 manoma da yawa sun buɗe asusu ko suna amfani da na ƴaƴansu, sai dai ka sani dattijo baya sakin buhu sai yaji alat da kunnensa, in sabis ya ƙi toh zama ya kamaka.

Tsaraba kar ka manta. Sabulu, sikari, gishiri, man gyaɗa, burodin Kaduna, in da hali turmin atamfa na Mama. Kada ka fara da miƙa kuɗi ranar da ka sauka, kamar ka maida gidan mutum otal ne, wannan sai ranar tafiya kuma a hannun Mama zaka saka kace a sayawa yara wani abu.

Kana sauka ka sha ruwa, abu na gaba Baba zai kaika wajen mai unguwa ko dagaci. Kaje, ka rusuna ka gaida shi, ka faɗi sunanka da garinku da abinda ya kawoka da kwana nawa zakayi. Minti goma ne amma shine takardar zamanka, daga nan ƴan sintirin gari sun san da kai. Yare ba matsala, kowa yana jin Hausa, da ita ake ciniki da ita ake wa'azi a coci da yawa, wani dattijon ma in ya jefo maka karin magana sai ka rasa amsa. Amma ka koyi ko gaisuwar safe ce da yarensu, zaka ga yadda fuska take sakewa. Sannan ka iya bakinka wajen sunaye. Sunan da muka taso muna ji ba shine wanda suke kiran kansu dashi ba, waɗanda muke cewa Kadara sunansu Adara, Kaje sune Bajju, Kataf sune Atyap, Jaba kuma Ham, mutanen Kagoro Agworok. Kalmar nan da wasunmu suke jifan duk wanda ba Musulmi ba da ita, ka barta a Kaduna, kai ko a Kadunan ma bata da amfani. Hirar rikicin baya da siyasa kuma in ba su suka ɗauko ba kar ka ɗauko, in sun ɗauko ka saurara kawai, kusan kowane gida akwai wanda abin ya taɓa.

Maganar abinci da sallah da mutane suke yawan tambaya, ni dai ban taɓa samun matsala ba. Sun san Musulmi sarai, sun zauna da Hausawa da Fulani shekara da shekaru. Ranar farko Mama da kanta ta kamo zakara ta miƙo min da wuƙa tace ɗana yanka da hannunka, kuma tukunyata daban take. Buta da tabarma Baba ya ajiye min, ya nuna min gabas. Zaka ga aladu suna yawo, zaka ga gidan da ake burkutu, ba ruwanka, ba'a kiraka ba kuma ba wanda zai tayi maka. Tuwon acca da miyar karkashi, faten acca da yakuwa, gwaza, doya da manja, zuma mai kyau, da safe matan Fulani su shigo da nono don akwai rugage a kewaye kuma Ladduga ma, makiyayar Fulani, a ƙaramar hukumar Kachia take. Ruwa in akwai bohol toh, in na rafi ne ka tafasa ko ka taho da naka.

Yanzu bari in zo kan yadda kuɗi yake juyawa a wajen, don in baka gane wannan ba zakayi ta ganin kamar manomi yana maka wulaƙanci ne ko taurin kai. Citta ita ce bankinsu. Kudancin Kaduna, wato Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a da kewaye, nan ne cibiyar cittar Najeriya, kuma iri biyu aka fi sani, tafin giwa mai faɗi mai ɗan rawaya da yatsun biri ƙanana mai duhu mai yaji. Aikinta wahala ne tun daga farko. Irin ma citta ce da manomi ya hana kansa sayarwa ya adana tun bara, a Afrilu zuwa Mayu a gutsuttsura a shuka a gonar da aka yiwa kaftu mai laushi, sannan a bi a lulluɓe gonar gaba ɗaya da ganye da ciyawa don kada rana ta ƙona ta, ganyen nan kuma a ka mata da yara suke ɗebo shi daga daji. Cirar ciyawa da hannu akeyi a tsugune saboda fartanya zata sare ta. Ga taki, ga kuɗin ƴan ƙodago, wanda bashi da kuɗi ya kira gayya ya dafa abinci. Wata shida zuwa bakwai kuɗi yana shiga ƙasa babu abinda yake fitowa, lokacin ne ake cin bashi, wani wajen ƴan adashi wani wajen ɗan kasuwar da zai ce in kaka tayi a biyashi da buhu, kuma nan ne ake cutar manoma sosai.

In kaka tayi kuma gida ya koma masana'anta. Na tuna wani dare a tsakar gidan Baba, an zube citta tsibi guda kamar yashin gini, Mama da surukarta da ƴan mata huɗu sun kewaye ta kowacce da ƴar wuƙa, tocila ɗaya rataye a reshen gwaiba, rediyo tana yi ƙasa ƙasa. Ɗauka, tsagawa gida biyu ta tsawo, jefawa a kwando, hannunsu ko kallo basa yi. Nace bari in taya, ban yi minti ashirin ba yatsuna suka ɗau zafi kamar na damƙi barkono, na manta na sosa ido, ai kuwa ranar na basu abin dariya har Mama tana share hawaye. Washegari da hantsi aka kwashe aka baza akan wani falalen dutse bayan gida, aka saka yaro yana korar awaki. Daga wannan tsibin ne kuɗin makaranta zai fito, da kwanon rufi, da kayan Kirsimeti, da mashin in shekara tayi kyau. Shi yasa manomi mai ɗan ƙarfi baya sayarwa duka lokaci guda, buhu biyu yau saboda buƙata ta taso, sauran a ɗaki sai farashi ya ɗaga.

Sai 2023 tazo. Wata cuta ta faɗawa citta a daminar shekarar, ganye yayi rawaya ya bushe, in ka tono sai ka tarar ta ruɓe a ƙasa tana wari, gonaki da yawa ko iri ba'a fitar ba. Kuma a shekarar ne aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, kuɗin mota da na mashin da na taki duk suka haura. Baba da bakinsa yace min tunda yake bai taɓa ganin shekarar da ya sayi citta da zai saka a kunu ba sai ita. Farashi yayi tashin gwauron zabi saboda babu kayan, wanda yake da tsohuwar ajiya ya samu, amma yawanci asara suka tafka ga bashi. Daga nan da yawa suka rage gonar citta suka ƙara kurkum da masara da waken soya da barkono, wasu samarin suka koma acaba ko suka taho Kaduna da Abuja neman aikin gini. Don haka in kaje kaga mutum yana riƙe buhunsa kam kam, ka san abinda ya gani. Banda citta akwai ƴan hanyoyin da mata suke rufawa gida asiri, daddawa, man kaɗe, kiwon kaji da awaki, itace da gawayi, gawayin nan kuwa yana cin dajin a hankali, ko ni da nake zuwa jefi jefi naga bambanci.

Toh ga yadda zakayi sarin. Kafin ka bar Kaduna ka san wanda zaka sayarwa da farashin da ake ciki, ko masu tarawa su fitar waje ne ko ƴan kayan yaji na kasuwa ko Dawanau zaka kai a Kano. Zuwan farko kar ka wuce buhu kaɗan, karatu kaje yi. Ranar kasuwa ka zagaya bakinka alaikum ka saurari yadda ake tayi, sannan ka bari Baba ko dillalin da ya yarda dashi ya shige maka gaba, kuma ku yanke la'adarsa akan kowane buhu tun kafin a fara, kar sai an gama azo ana cacar baki. Ku daidaita tun farko da buhu za'a auna ko da sikeli, in buhu ne wane iri kuma cikarsa zuwa ina, don buhu suna ya tara. Busasshiyar citta ka ɗauko daga tsakiya ka karya, in ta bushe zata ɓalle ƙas, in ta lanƙwashe toh da sauran ruwa a jikinta. Ka shinshina, ka duba ko akwai fumfuna. Kuma a zazzage buhun gaba ɗaya akan leda a gabanka, ba rashin yarda bane haka kowa yake yi, ka ga ƙasa da tsakuwa da dusar da ke gindi. Ni na taɓa yin gaggawa saboda mota zata tashi, na karɓi buhu shida daga hannun wani ɗan baranda a bakin kasuwa ban zazzage ba, sama busasshiya ƙasa ɗanya, bayan sati biyu na buɗe a shago naga tayi fari fat da fumfuna ga nauyi ya ragu, da ƙyar na maida rabin kuɗina. Baba da yaji cewa yayi ai da ka tambayeni, kuma gaskiyarsa.

Lissafinka kar ya tsaya a kuɗin citta. Ka saka kuɗin buhu da ɗinki, ƴan dako, mashin ko akori kura daga ƙauye zuwa titi, lodi, kuɗin mota, da ƴan rasit ɗin da za'a yanka maka a kasuwa da kan hanya, da raguwar nauyi in ta ƙara bushewa a ajiya. Kuɗi a hannun mai kaya zaka saka ko asusun da shi ya nuna, a gaban shaida. Bada kuɗi tun damina don a tara maka da kaka kuwa ni ban baka shawara ba sai kun shekara biyu uku kuna hulɗa, kuma in zakayi kayi da adalci, farashin ranar karɓa, ba ka ɗaure mutum da farashin lokacin yunwa ba. Waɗanda suke yin hakan ana karɓar kuɗinsu amma ba'a ƙaunarsu, kuma labari yana zagayawa.

Wanda kuma yawon buɗe ido ne ya kaishi, akwai abin gani fiye da yadda muke zato. Ƙauyen Nok yana nan kusa da Kwoi, inda masu haƙar kuza suka fara tono mutum mutumin yumɓu a 1928, daga baya a 1943 wani Bature Bernard Fagg ya gane cewa abin na wata tsohuwar al'umma ce guda, kayan da suka haura shekara dubu biyu da yinsu, yau duniya duk ta san sunan Nok amma ɗan Kaduna da yawa bai taɓa takawa ba. Akwai ɗan gidan tarihi a wajen. In wani ya jaka gefe yace yana da kan yumɓu na sayarwa ka gudu, ko jabu ne ko kuma na gaske ne wanda dokar ƙasa tun 1979 ta hana cinikinsa, duka biyun ba alheri. Akwai ruwan Matsirga mai zubowa daga kan dutse kusa da Kafanchan wanda yafi kyau a ƙarshen damina, amma kar ka shiga wanka inda ƴan gari basu shiga ba, dutsen yana da santsi. Akwai dutsen Kagoro, ka nemi ɗan gari ya hau da kai da sassafe ka sallameshi da kyau. Kafanchan kanta tsohuwar mahaɗar jirgin ƙasa ce tun zamanin Turawa, gine ginen reluwe suna nan. Wanda bazai iya kwanan ƙauye ba akwai masaukai a Kafanchan da Kachia da Zonkwa, ya kwana can ya riƙa shiga da safe yana fitowa kafin la'asar. Hoto kuma ka nemi izini, musamman mata da wuraren da aka ce maka na al'ada ne, akwai kurmin da baƙo baya shiga, in aka ce kar ka shiga kar ka tambayi dalili.

Wasu suna cewa wai nan gaba ƙauyukan nan zasu iya cin abinci da baƙi masu yawon buɗe ido. Ni a ganina ba yanzu ba, sai hanya ta gyaru an daina fargabar daji, don ba wanda zai ɗauko iyalinsa yana tafiya yana waige. Amma ɗan ƙaramin abu yana yiwuwa ko gobe, ɗaki ɗaya mai tsafta da gidan sauro da makewayi mai ƙofa, ƴar sola, da yaron da ya san duwatsu, irinmu ƴan sari kaɗai mun isa mu riƙa biya lokacin kaka. Na faɗawa ɗan Baba haka yace zai duba, har yanzu dai yana dubawa.

Ranar tafiya ka koma wajen mai unguwa kayi sallama, ka bi gidajen da kayi ciniki kace sai wani zuwan, ka karɓi lambar mutum biyu uku banda ta Baba saboda ranar da ta Baban bata shiga. Kayanka su riga ka fita titi tun jiya in zai yiwu, kai kuma ka tashi da hantsi. Mama zata cusa maka acca a leda da kwalbar zuma, wani lokaci har da kaza an ɗaure mata ƙafa, kar kace a'a, rashin kunya ne, ka karɓa da hannu biyu ka san yadda zakayi da kwandasta. Kana shiga Sabon Tasha ka kira kace ka iso, in wayar bata shiga ba ka sake gwadawa da yamma, lokacin Baba yake hawa tudun bayan firamare.